Inda Na Sauke Shanun Buba

Ni ne na yi laifin, ba Buba ba. Wannan maganar ya kamata in faɗe ta shekara talatin da uku da suka wuce, ban faɗa ba, na bar mutum yana yawo da sunan da ba nasa ba. A rugagen da ke tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar, har yau in aka ce Buba Taɓo kowa ya san wanda ake nufi: makiyayin da ya kai shanunsa bakin kogi ya zuba su cikin laka. Ba shi ya zuba su ba. Ni na zuba su, kuma ni na raɗa masa sunan.

Azumin bana ne ya tono mini maganar. Ya zagayo ya sake faɗowa tsakiyar bazara, daidai inda ya same mu waccan shekarar. Zafin iri ɗaya ne, wanda tun hantsi za ka ji harshenka ya zama kamar busasshiyar fata. Bambancin kawai yanzu akwai ƙanƙara a bakin titi da ruwan leda, kuma ni na tsufa.

Waccan shekarar damina ta yi mana rowa. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Abin da muka ɗaure a gonarmu bai kai mu ƙarshen sanyi ba, harawa kuwa ko ta akuya ɗaya ba mu samu ba. Kafin azumi ya kama, awo muke yi. Innata takan yi tuwon dawa da miyar kuka da yamma, ba mai ba nama, a ci rabi a rufe rabi, shi ne ɗumamen sahur. Buɗa-baki kunun tsamiya ne, tsararo, wanda kana sha kana ganin gindin kofi. Rijiyar garinmu ta haura gaba talatin. Mata su jera tuluna tun asuba, guga ya tafi ya daɗe, ya dawo rabinsa yashi. In hantsi ya yi sai a rufe ta a bar ta ta taru. Da rana ba ka jin motsin kowa sai kukan kurciya, sai guguwa ta taso ta kwashe karan darni ta watsar a bayan gari.

Dabbobi sun fi mu shan wuya. Na ga saniya tana cin jinkar ɗaki, na ga wata tana tauna tsumma. An sassare gawo har ba reshen da ya rage. Kowace safiya akwai aikin da muke kira tashin shanu. Saniya ta kwana a kwance, gari ya waye ta kasa miƙewa, sai maza huɗu su zura taɓare biyu ƙarƙashin cikinta, wani ya kama ƙaho, wani wutsiya, a ɗaga ta a riƙe har ƙafafunta su daina rawa. In aka bar ta a kwance kwana biyu, ta tafi ke nan. Mu 'yan gari ma mukan je, domin rugar su Buba a bayan gonarmu take, shanunsu ke zuba mana taki tun zamanin kakanni.

Mu asalinmu Mangawan Gumel ne, tsakaninmu da Fulani kuwa wasa ne tun fil azal. Buba ya girme ni da shekara takwas, amma ban taɓa gaishe shi gaisuwar kirki ba, shi ma haka. Ya ce mini Kaɗo, in ce masa Agwai. Ya ce ni bawansa ne, in ce kakana ne ya saya wa kakansa wando na farko. Duk abin da na faɗa masa, komai ɗacinsa, al'ada ta ce ya yi dariya. Da wannan na cuce shi.

Lokacin ina jan wata tsohuwar motar kaya, kanta, ta wani Alhaji a Gumel, ina dakon hatsi da awaki, babbar ranata Alhamis, kasuwar Maigatari. Ran Talata da yamma Buba ya same ni ƙarƙashin motar ina ɗaure salansa da waya.

"Kaɗo, akwalar nan taka tana iya kaiwa kogi, ko sai na ɗaura mata bijimi?"

"Tana kaiwa inda ƙafafun nan naka masu kama da sillen kara ba za su kai ba. Me za ka yi a kogi? Wanka? Ai da an yi shela."

Ya tsuguna ya yi mini bayani. Shanu masu ƙarfi ƙannensa sun riga sun kora su kudu a ƙafa. Saura bakwai da ba za su iya tafiyar ba. A cikinsu akwai Wule, wata jar saniya mai farin goshi, ta matarsa Hajjo ce, ubanta ya ba ta ranar da aka kawo ta gidan miji, saniyar kuma tana da ciki tsoho. Ya ce in mun wuce Gujungu za mu bar kwalta mu ɗauki wata hanyar burji da ke bin gefen kogi. A hanyar akwai gada uku.

"Ba ta farko ba, ba ta biyu ba. Ta uku. Nan mashaya take, ƙasan yashi ne."

"Na ji. Ruwa dai ai ruwa ne."

"A wurin Bamange," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa, ko da yake da wasa ya faɗe ta. A ƙasarmu babu kogi. Ruwan da na sani na rijiya ne, sai tafkin da ke cika da damina ya ƙafe kafin sanyi. Kogi kuwa ta tagar mota nake hango shi in an aike ni Kano. Ban san kogi yana da inda ake shiga da inda ba a shiga ba.

Alhaji ya yarda, amma ya ja mini kunne: Alhamis da asuba yana son ganin motarsa a Maigatari.

Ran Laraba bayan sallar asuba muka yi lodi. Muka shimfiɗa yashi a bodi don kada kofato ya zame, na ja da baya na jingina motar da wani tudu, mutanen ruga suka taru ana turawa ana ɗagawa. Rana ta fito kafin mu gama. Hajjo ta tsaya gefe, ta kama kunnen Wule ta cikin katakon bodi tana yi mata magana da Fulatanci. Sannan ta dube ni.

"Direba, a hankali da ita. Watanta ya kusa."

"Kamar ƙwai zan kai ta," na ce.

Buba bai shiga gaba ba. A baya ya tsaya cikin shanun, domin saniyar da ta kwanta a mota 'yan'uwanta tattake ta suke yi. Muka yi da shi in wata ta kwanta zai buga rufin motar in tsaya. Kafin mu kai Gumel ya buga sau biyu. Kowane bugu sai in taka birki, in sauko, in hau bodi, mu biyu mu yi aikin mutum shida, kashin shanu har gwiwa. Muna fita Gumel ya sake bugawa. A Gagarawa tayar baya ta yi faci. Mai facin ya tafi jana'iza, muka zauna jiransa a inuwar da ba ta kai tabarma ba, shanu suna haki a cikin rana. Da ya dawo ya gama aikin, ya dubi leɓuna ya ce, "Malam, kai matafiyi ne fa. Ga randa can."

Buba ya ce, "Sha, Kaɗo. Allah ya yi wa matafiyi sauƙi. Ka rama bayan salla."

"Yau kuma Bafillace ne zai koya mini addini?"

Ban sha ba. Ba tsoron Allah ne ya hana ni ba, gara in faɗi gaskiya. Tsoro nake kada a ji a tasha cewa Habu ya karya azumi a Gagarawa, Agwai yana tsaye da nasa. Sai na riƙe azumin, na sauke haushinsa a kan wanda ke kusa da ni.

Kafin Gujungu lagireto ya tafasa. Ruwan da na ɗauko a jarka na juye masa duka, ina ji yana ƙugi yana haɗiya, ni maƙogwarona kamar an zuba toka. A nan muka yi azahar da taimama. Sitiyari ba ya taɓuwa sai da tsumma. Muka bar kwalta muka ɗauki burji, hanya duk gargada, motar tana karkarwa kamar za ta rabu biyu, Buba yana buga rufi.

Sai ƙasa ta fara sauyawa. Jan yashin da na saba da shi ya koma baƙar ƙasa. Goruba ta yi yawa, sai giginyu dogaye a jere. Muka hau wani ɗan tudu muka gangara, sai ga kogin a hannun dama. Wata bakwai rabona da ganin kore. Ga lambunan albasa da tattasai fala-fala, ga mutane suna ban-ruwa da jigo, sandar tana sunkuyawa tana ɗagowa tana kuka. Ga mata suna wanki sun shanya zannuwa a kan ciyawa. Ga masunta kwance a kan manyan goruna suna yawo a ruwa kamar ba su da wata damuwa a duniya. Balbelu fari fat a bakin gaɓa. Hanyar takan rabu da kogin, ya ɓuya bayan kanya da tsamiya, in ce shi ke nan, sai ya sake ɓullowa dab da taya, yana ƙyalli har cikin idona.

Ya kamata in ji daɗi. Haushi na ji. Mu can muna rabon ruwa da moɗa, ga shi nan yana wucewa ba mai tare shi, ni kuma ba halin in sha. Iskar da ke shigowa ta taga ma warin ruwa take yi.

Shanun sun riga ni jin warin. Suka fara kuka gaba ɗaya, suna turereniya zuwa ɓangaren kogin, motar tana karkata dama. Ina jin ƙaho yana dukan katako. Buba yana yi musu magana, yana bugun rufi, in tsaya, mu tayar da wadda ta faɗi, in tashi, ya sake bugawa. Na daina ƙirgawa. A wata tsayawar wata ta take mini ɗan yatsan ƙafa har farcen ya tashi.

La'asar ta yi sosai muka iso gadar farko. Ƙaramar gada ce ta ƙarfe da aka shimfiɗa wa katako, a kan wani reshe da ya ɓallo daga kogin. A ƙarƙashinta fili ne shimfiɗaɗɗe, bakinsa busasshe ya tsattsage, gaba kaɗan ciyawa kore shar, sai ruwa kwance. Wani mai keke ya zo wucewa na tare shi, na ce gada ta uku da nisa? Ya ce, "Da ɗan tafiya." Na san ɗan tafiyar mutanen ƙauye. Na dubi rana, na tuna Alhaji da Maigatari, na dubi yatsana yana jini. Na juya motar na ja da baya zuwa gangaren gadar, na kashe.

"Mun iso. Sauko."

Buba ya leƙo ta saman bodi. "Wannan ta farko ce."

"Ga ruwa, ga ciyawa. Me kuma kake nema, katifa?"

Ya diro ya taka zuwa bakin gangaren, ya daɗe yana duban ƙasa. Ya dawo.

"Habu, wurin nan ba mashaya ba ne. Duba, babu sawun kofato ko ɗaya."

Tun da nake da shi bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Na ji, kuma na gane abin da hakan ke nufi. Na ce, "To, yau sai su fara."

Bai sake roƙona ba. Fulani ba sa roƙo sau biyu, na kuma san haka, da shi na dogara. Abin da ya ce kawai shi ne, "To bari in ɗauko igiya in sauke su ɗaya-ɗaya." Ya zagaya gaban mota inda igiyoyin suke. Ni kuwa na ga ɗaya-ɗayan nan zai kai mu magariba. Na zare sakatar murfin baya.

Shanun da sai maza shida suke tayar da su da safe, da gudu suka fita. Suka gangara suka hau busasshen wurin nan. Ashe ɓawo ne kawai a sama. Taku goma sai ya fashe, ƙarƙashinsa baƙar laka mai wari. Uku marasa nauyi suka yi tsalle suka dawo. Huɗu suka nutse har ciki. Wule ta fi kowa nisa, don ita ta fara fita.

Masunta suka taso daga ruwa. Babbansu, wani dattijo mai furfura a ƙirji, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Wane ne ya sauke shanu a nan? Mu ko akuya ba ma bari ta sauka nan."

Buba ya gangara cikin lakar da igiya a hannu. Ni kuma na sunkuya ina duba taya.

Mutanen nan sun yi mana aikin da ban taɓa gode musu ba. Suka saro ganyen giginya da kaba suka shimfiɗa a kan lakar, suka ciro katako biyu daga gefen gadar, suka kwanta rub da ciki suna rarrafe da igiya. Masu lambu suka bar jigo suka zo. Akasarinsu da azumi. Aka jawo ta farko, aka jawo ta biyu, ta uku sai da aka tona gefenta da hannu. Buba yana cikin lakar har ƙirji, ya rungume wuyan Wule yana ɗaga mata kai. Duk motsin da ta yi ƙara nutsewa take yi, ga nauyin ciki. Aka ja da mutum sama da goma, igiya ta tsinke. Aka ƙulla aka sake ja. Daga baya ta daina taimakon kanta. Ta ɗora haɓa a kafaɗarsa, numfashinta yana fita da ƙyar.

Dattijon ya ce, "Ɗan Fulani, rana tana faɗuwa. Kada ta tafi a banza."

Buba ya zaro wuƙarsa ya miƙa masa. Ya rarrafo ya fito, ya tsaya ya ba su baya yana kallon gadar har aka gama.

Aka kira salla a wani ƙauye a tsallake. Wani ya miƙo mini ruwa a gora, na kafa kai na sha har cikina ya yi ciwo. Buba ya kurɓa sau ɗaya ya mayar. Laka ta bushe a jikinsa ta yi fari. Na ce masa ni zan juya, Alhaji yana jira. Ina sauraron ya zage ni, ko ya ɗaga sanda, da na samu abin riƙewa. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Kaɗo." Na bar shi da shanu shida a gefen hanya.

Na isa Maigatari a kan lokaci. Alhaji har ya yaba mini.

Ran Juma'a Hajjo ta zo gidanmu. Ta zauna wurin innata ta sa aka kira ni. Ta ce kun sauka lafiya? Na ce lafiya, sai dai Wule. Ta ce yaya aka yi? Innata tana kallona. A nan ne na yi abin da ya fi zare sakata muni.

"Mijinki ne. Yana ganin ruwa ya rikice, ya ce a sauke a nan. Na ce masa wurin bai yi mini ba."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ko sallama ba ta yi ba.

Da na faɗa sau ɗaya, na biyun bai yi wuya ba. A tasha na mayar da shi labarin ban dariya. Ina kwaikwayon Hausarsa, ina nuna yadda ya yi iyo a laka. Direbobi suna riƙe ciki. Nan sunan ya fito daga bakina, kafin wata ya ƙare ya kai kasuwar shanu. Buba bai dawo ba sai da damina ta zauna, wata huɗu. Ya tarar sunan yana jiransa. Ina tsaye a kasuwa wani ya ce, "A'a, Buba Taɓo, an dawo?" Ya waiwayo ya dube ni. Sannan ya yi dariya ya ce, "Bamange ya samu abin faɗa." Bai ƙaryata ni ba, ranar ko bayanta. Mutum ba ya tsayawa a kasuwa yana rantsuwa a kan maganar abokin wasansa, balle Bafillace.

Na ga abin da ya biyo baya da idona. Mutanen gari da suka ba shi kiwo suka janye shanunsu suka kai wa wasu. In samarin ruga za su tafi kudu da rani, ba a tambayarsa hanya, alhali ya fi kowa saninta. Hajjo ta samu wata karsana daga gidansu, ta kai ta garken wanta, ba na mijinta ba. Suna ɗaki ɗaya, sun haifi 'ya'ya, sun aurar, amma saniyarta ba ta sake kwana a turkensa ba. Ni kuwa ina ce wa kaina ai wasa ne, shi ma ga shi yana dariya.

Sau ɗaya na gwada, bayan rasuwar innata. Ya zo gaisuwa na raka shi bakin gari, na ce, "Buba, maganar gadar nan..." Ya ce, "Kaɗo, har yanzu ba ka gaji da labarin ba? Nemo sabo." Ya sa dariya ya wuce. Na ji haushinsa, wai ya hana ni magana. Na kuma ji sanyi a raina da ya hana ni. Na koma gida na ce ai na yi ƙoƙari.

Tuƙi na bari tuni saboda ciwon baya, yanzu albasa nake sayarwa a Gumel. A azumin nan, ran goma sha biyu, maƙwabcina Malam Isa ya ce in raka shi sarin albasa a lambunan bakin kogi, a a-kori-kurarsa. Sai da muka bar Gujungu na gane hanyar. An zuba mata kwalta. Jigo babu ko ɗaya, sai injinan ban-ruwa suna ta ƙara. Kogin ma da ƙyar kake ganinsa, kacalla ta rufe shi, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsawo. Giginyun sun ragu. Gadar farko an yi ta da kankare, mun haye ta kafin in gama gane ta. A rayuwata ban taɓa haye gadar nan na ga gabanta ba. Na dubi agogon waya, ban san dalili ba.

Muka haye ta biyu. Muka haye ta uku. Minti goma sha ɗaya. A tsohuwar hanya, da tsohuwar mota, a ce rabin awa.

Na ce Malam Isa ya tsaya. Na gangara. Farin yashi ne shimfiɗe har cikin ruwa, duk sawun kofato, sabo a kan tsoho. Wani garke yana sha, ruwan iya gwiwarsu, suna shiga suna fita abinsu. Na taka yashin da ƙarfi, na sake takawa. Ko dunduniyata bai haɗiye ba.

Malam Isa ya leƙo daga kan gada. "Malam Habu, wani abu ka yar?"

Na ce a'a, mu tafi.

Ran Juma'ar da ta biyo na hau mashin zuwa Ɗanzomo, na ƙarasa rugar a ƙafa bayan la'asar, lokacin da na san maza sun dawo daga masallaci suna zaune. Su tara ne a gindin aduwa, da dattawa da 'ya'yansu magidanta. Buba yana tsakiya, ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. Muryata ya gane.

"Wa nake ji kamar bawana? An zo roƙon nono ke nan. Ku ba shi tsala, kindirmo ya fi ƙarfin cikinsa."

Aka yi dariya, aka matsa mini a tabarma. Ban zauna a kai ba. Na ce ina roƙon a kira mini Hajjo. Dariyar ta tsaya. Babban ɗansu ya tashi ya kira ta, ta zo ta tsaya daga nesa kaɗan, muciya a hannunta, ita ma duk furfura.

Buba ya juyo da lafiyayyen idonsa ya dube ni. Ya gane.

"Kaɗo, azumi ya taɓa maka kai. Tashi ka je inuwa ka kwanta."

"Ba zan kwanta ba."

"Abin da ya wuce ya wuce. Wa ya tambaye ka?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Shi ya sa na kai yau."

Ya buɗe baki zai sake jefo wata, Hajjo ta ce, "Bar shi ya faɗa."

Na cire hulata na tsuguna a ƙasa, gwiwoyina suna ƙara. Na ce:

"Jama'a, ku shaida, yau ba wasa na zo yi ba. Shekarar da aka kai shanu kogi, Buba ya ce mini gada ta uku tun kafin mu tashi. Da na tsaya a ta farko ya duba ƙasa ya ce ba mashaya ba ce. Ya tafi ɗauko igiya, ni na buɗe motar a bayan idonsa, don ina sauri kuma ina jin ƙishirwa. Shi ya shiga laka har ƙirji, ni ina tsaye a tudu. Hajjo, kin zo gidanmu kin tambaye ni, na dubi idonki a gaban uwata na yi miki ƙarya. Saniyarki ni na kashe ta, da ɗan da ke cikinta. Mijinki bai taɓa ɓatar da dabba ba. Sunan nan da ake kiransa da shi ni na ƙaga shi, ina roƙon ku bar shi daga yau, ku gaya wa na kasuwa su bari, ni ma zan bi su in gaya musu. Ba ni da abin da zan mayar muku da shi. Buba, Hajjo, ku yafe mini don Allah. In ba za ku iya yau ba, ba komai, zan dawo."